Motar Sufyanu da Tsinken Ashanan Baba

Sallama gare ku duka, har da baiwar Allahn nan da ta rubuto min cewa in daina jan rai, in faɗi ko za a yi auren ko ba za a yi ba. 'Yar uwa, da na sani ai da na faɗa miki. Yau Asabar da hantsi, na ce wa Inna zan sayo zare, na zarce gidan intanet na unguwarmu ta Tahaggart. In ban amayar da abin da ke cikina ba, ciwo zai zame min.

Wanda bai san ni ba, sunana Rakiyatu. Iyayena mutanen Damagaram ne, amma a nan Tamanrasset na yi wayo, ɗinki nake yi a gida. Akwai wani bawan Allah ɗan Maraɗi mai suna Sufyanu, lebura ne a wurin gini, yana so na, ni ma ban ƙi shi ba. To, wannan "ban ƙi shi ba" ɗin ta kunya ce. Son shi nake yi, kowa ya ji.

Abin da ya shiga tsakaninmu mota ce.

Ba motar da ake shiga ba, Sufyanu ko keke ba shi da shi. Mota ce da ya haɗa da hannunsa, ana tuƙa ta daga nesa da wani ɗan akwati mai eriya, wanda mu a nan muke kira telekomand. Kada ku ɗauka irin 'yar motar robar nan ce ta kanti, wadda yaro zai taka ta fashe. Wannan ta kai tunkiya mai ciki, tayoyinta sun fi gangar jikinta cika ido, in ta tsaya kusa da ni har ta wuce min gwiwa. Mutanen unguwa suka sa mata suna Dodon Kori, don a kori, wato busasshen rafin da ya ratsa gari, yake gwada ta duk Juma'a bayan la'asar, ranar da ba a aikin gini.

Komai nata tsintuwa ne. Tayoyin na buruwet ne, baron nan da suke tura siminti da shi a shantiye, wato wurin gini. Injin na wani tsohon zarton itace ne da wani mai lambu a Outoul, can bayan gari, ya yar. Gangar jikin daga ƙofar mataccen firji ya yanko ta, ya bubbuge, ya shafa mata jan fenti. Abin da ke juya tayoyin gaba kuwa injin share gilashin mota ne. Ni da a da ban san ko buji, wato fulogin inji, ba, yanzu in an tashe ni daga barci sai in faɗa muku yadda ake goge shi. Sauran 'yan mata in saurayi ya zo zance, "idonki kaza, muryarki kaza" suke sha. Ni nawa da ya zauna a dakalin ƙofar gidanmu sai ya gyara murya, in sunkuyar da kai ina jiran magana mai daɗi, sai in ji:

"Rakiyatu, kin san mi? Na gano abin da ke cin sarƙar baya."

Haushi nake ji da farko, ba zan ɓoye muku ba. Amma sannu a hankali na fara lura da fuskarsa in yana wannan bayani. Mutumin da ya wuni yana ɗaukar bulo a ka, hannunsa duk siminti ya tsattsage shi, ana kiransa "kai, ɗan Nijar" ba a ko tambayar sunansa, in ya fara maganar Dodo sai ya koma mai gari. A gabana motar nan ta girma. Da tayoyin baya kaɗai ke ja, ya ƙara sarƙa ta babur har huɗun suka riƙa ja tare. Da in ta taka dutse sai ta kife, ya sa mata sifirin na tsohon babur, ta koma tana lanƙwasa tana wucewa. Telekomand ɗin farko ba ya kai nisa, ranar nan ta ƙwace masa ta je ta watsa wa wani mai shayi gawayinsa. Ya yi ta neman wani har wani mai kayan gyara ya taho masa da mai ƙarfi daga biranen arewacin ƙasar nan. Da rairayi ya dami injin yana shaƙe shi, ni na yanki gefen wata tsohuwar lafayata na ɗinka masa 'yar hula ya sa a bakin shan iskar. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Yanzu Dodo ta cikin mayahinki take numfashi." Iyakar kalamin soyayyar da na taɓa samu ke nan, kuma har yau ina riƙe da shi.

Abu ɗaya ya gagare ta. Akwai wani tudun rairayi mai laushi a gefen kori, duk ranar da ta hau shi sai ta kai rabi ta tsaya tana tona rami. Ya canza giya, ya sassaƙa wa tayoyin haƙora da wuƙa, ya bi su da famfo har suka yi tauri kamar dutse. Ya ce a shantiye in ka bar tayar buruwet ta yi laushi, ƙugunka ne zai gaya maka da dare. Duk da haka tudun nan ya ƙi.

A makon da ya wuce kuma ya zo min da wata magana. Wani mai kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke bin hanyar Agadas ya tsaya kallon Dodo, ya ce wanda ya haɗa wannan bai kamata ya ƙare a ɗaukar bulo ba. Ya zo ya zama aparanti, wato yaron mota, a motarsa, in ya goge ya zama direba.

"Me ka ce masa?" na tambaya.

"Ban ce komi ba tukuna."

Bakinsa ne bai ce komai ba, idonsa ya riga ya amsa. Na ce masa ko da wasa kada wannan magana ta shiga gidanmu.

Ga dalili. Babana, Malam Baƙo, direban kamiyo ne, ya ci hanyar nan ta Sahara tun ba a haife ni ba. 'Yan shekarun baya mota ta kife da shi can gaba da In Gezam, wajen kan iyaka. Allah ya bar mana shi da rai, amma ƙafafun sun tafi. Tun daga nan yake zaune a keken guragu a inuwar tsakar gida, fuskarsa ga bango, da tsinken ashana a gefen baki. Mutumin da a da in ya dawo daga tafiya unguwa ke sani, da dabino da barkwanci, ya koma "to" da "Allah shi kyauta". Abokansa direbobi suka yi ta zuwa, yana yin kamar barci yake, har suka gaji. Ba wanda ya kafa doka, amma a gidanmu ba a furta kalmar mota. In babbar mota ta wuce ta bayan gida, Inna Gwamma, mahaifiyata, sai ta ƙara ƙarfin dakanta.

Wanda ya riƙe mu tun lokacin shi ne Kawu Illo, ƙanen Inna, mai shagon atamfa da turare a kasuwa. Kada wani ya zage shi a ƙasan labarin nan, don Allah. Baki gare shi, amma bai taɓa bari tukunyarmu ta kwana a kife ba. Da manyan Sufyanu suka aiko da maganar neman izini, Baba ya ce Illo ya bincika, kamar yadda ake yi.

Ranar Laraba ya zo da sakamakon, cikin farar shaddarsa mai sitati, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Inna ta shimfiɗa masa darduma kusa da keken Baba, ta ɗora shayi. Ni ina ɗakin ɗinki, ina juya keken ɗinkina da hannu a hankali don a ɗauka aiki nake.

"Yaro dai shina salla," in ji Kawu. "Ba ya sha, ba ya caca. Iyayensa manoma ne can wajen Madarunfa, mutanen kirki. Mai gidansa a shantiye ya ce ko ƙusa bai taɓa ɗauka ba."

"To madalla," in ji Inna.

"Tsaya Yaya, ban kai ba. Ƙato da gemunsa, duk Juma'a shina cikin kori, shina wasa da mota."

Kalmar ta faɗo tsakar gidanmu, har cokalin shayin Inna ya tsaya. Kawu ya gane ya yi ɓaramɓarama, amma ya riga ya hau, sai ya ci gaba.

"Motar wasa hwa nike nuhi! Larabawa da Buzaye na tsayawa suna kallo, ana cewa ga Bahaushe ya zautu. Abin da ya samu, maimakon shi tara shi kama ɗaki na kirki, sai shi kai wa 'yan gwangwan. Wannan ne za shi riƙe ɗiyar mutane? In an haihu, shi da jinjirin za su riƙa rigima kan abin wasa."

Ya yi dariya shi kaɗai. Inna ba ta yi ba. Sai ta ce, "Inji gare ta? Na gaske, mai shan mai?"

"Har hayaƙi take, Yaya."

Inna ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar akwati ana jawo shi daga saman kwaba. Ta fito ta ce matar Kawu za ta tafi gida ganin dangi ranar Lahadi, in bi ta in zauna wurin gwaggona a Damagaram har maganar nan ta huce. Allura ta soke ni a yatsa, ko zafinta ban ji ba.

A nan ne Baba ya juya tsinken ashanarsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "Ji ba gani ba ne."

"To ranar Juma'a in tura ka, ka gani da idonka," in ji Kawu. Ya faɗa ne don ya san Baba ba ya fita.

"To," in ji Baba.

Washegari na ɗauko 'yar wayata, wadda na ɗaure bayanta da roba don batirin na faɗuwa, na shige bayan labule na rubuta wa Sufyanu:

"Gobe Kawu zai kawo Baba kori. Don girman Allah kar ka fito da Dodo. Ka zauna masallaci ka riƙe tazbaha."

Ba a jima ba wayar ta yi tsuwa.

"In na ɓoye ta gobe, in an yi aure ƙarƙashin gadonki zan riƙa ɓoye ta? Bari su gan ni yadda nike."

"Damagaram za a tura ni ranar Lahadi!"

Wannan karon ya daɗe. Na ɗinke hannun rigar wata mata a baibai ina jira.

"To zan sa ta hau tudun. In Baba ya ga ta hau, zai san ba wasa ba ne. Na ƙara mata iska."

Ku ji fa! Ana maganar raba ni da gari, shi yana maganar iska. Na yi kuka har na gode Allah, kuma a cikin kukan nan ina jin wani abu kamar alfahari. Namijin da ya ƙi ya yi ƙarya don ya same ni, ban san ko in shaƙe shi ko in ƙara son shi ba.

Jiya Juma'a bayan la'asar Kawu ya zo. Na sa lafayata shuɗiya mai ɗigon fari, na zizara kwalli don ya rufe kumburin ido, na ɗauki butar ruwa da lema na ce ai dole wani ya riƙe wa Baba. Inna ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta san ƙarya nake, amma ba ta hana ni ba.

Muka bi lungu, Kawu na turawa, maƙwabta na leƙowa suna "Malam Baƙo, yau kai ne a waje?" Baba na ɗaga hannu kawai. A bakin kori ƙafafun keken suka fara nutsewa, dole muka tsaya a kan tsandauri. Jama'a sun taru kamar kullum, 'yan gini 'yan uwansa, da masu wucewa, da wasu Buzaye da rawunansu a tsugune. Ga Sufyanu can a tsakiya cikin rigarsa ta Salla, ruwan ƙasa, ya riga ya ɗiga mata baƙin mai a gaba.

Yana hango Baba ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna tun daga nesa a kan rairayin nan mai zafi, kansa a ƙasa.

"Barka da la'asar, Baba. An zo lahiya?"

Baba ya gyaɗa kai. Kawu ya ce, "Tashi ka yi wasanka, samari. Kallo muka zo."

Sufyanu ya tashi, ya ja igiyar injin. Ta yi tari. Ya sake ja, ta kama da wata irin ƙara, hayaƙi ya tashi, ƙamshin mai ya bugo mu. Ni ba motar nake kallo ba, hannun Baba nake kallo. Na ga ya damƙe hannun kekensa har jijiyoyin suka tashi.

Dodo ta yi abin kirki da farko, ba zan rage mata ba. Ta zagaya fili, ta hau kan duwatsu tana lanƙwasa, ta tsallake wani rami ta dira da ƙafa huɗu, aka yi shewa. Sannan Sufyanu ya juyo da ita ta fuskanci tudun. Na ga laɓɓansa na motsi, bisimilla yake. Ya danna mata mai.

Ta taho a guje, ta hau, ta hau, ta kai rabi. Sai ta tsaya. Tayoyin na juyawa, rairayi na tashi sama, ita kuwa tana nutsewa. Ya ƙara mata mai, ta ƙara nutsewa, har cikinta ya zauna daram a ƙasa tana kururuwa. Wani ya fashe da dariya, saura suka ɗauka. Sufyanu na tsaye ba takalmi, zufa na bin gemunsa, ya kasa ko waiwayowa wajenmu.

"Ka gani ko, Yaya Baƙo?" in ji Kawu, ba da mugunta ba ma, har da ɗan tausayi. Ya kama keken zai juya shi. Na ja lafaya na rufe fuskata. A raina na riga na hau motar Damagaram.

"Kashe ta!"

Na ɗauka wani ne a cikin taron. Muryar ta sake tashi, irin wadda ke tsallake ƙarar inji.

"Na ce kashe ta, kana ƙona mata ciki!"

Baba ne. Muryar da yake kiran yaran motarsa da ita ce, rabona da jin ta tun ina 'yar lekkol, wato 'yar makaranta. Sufyanu ya ruga ya kashe injin.

"Ɗauko ta nan."

Shi da wani abokin aikinsa suka ciccibo ta suka ajiye gaban keken. Sufyanu ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Baba ya sunkuyo ya danna taya da babban yatsa. Ko motsi ba ta yi ba.

"Wa ya ba ta iska haka?"

"Ni ne, Baba."

"Kan kwalta za ka bi, ko kan rairai?"

"A shantiye, in tayar ta yi laushi…"

"A shantiye kan katako kake tura ta. Rairai ba a yi mishi taurin kai, ɗan nan. Taya mai tauri yanka shi take tana nutsewa. Sai ta yi laushi, ta baje kamar tahin raƙumi, sannan shi ɗauke ta."

Sai ya zare tsinken ashanar nan daga bakinsa, ya kwance murfin bawul, ya danna. Iska ta fara fita tana huci. Ya karkata kai yana saurare, ɗaya hannun na matsa tayar, can ya saki. Ya ce a juyo masa ta gaba. Haka ya bi su duka huɗun. Jama'a, tun ina yarinya nake ganin tsinken nan a bakin Baba, na ɗauka sakace yake yi. Ashe kayan aiki ne. Ashe duk shekarun nan da yake kallon bango, bai taɓa ajiye shi ba.

"Koma da ita baya sosai. Kada ka danne mai gaba ɗaya, kuma in ka hau kada ka tsaya tunani. Ka ɗan karkata, kada ka tunkare shi kai tsaye."

Sufyanu ya tayar da ita. Amma ga kunyar suruki, ga idon jama'a. Motar ta yi hagu ta yi dama kamar mai maye.

Baba ya yi tsaki. "Ba ni nan."

Sufyanu ya miƙa masa telekomand da hannu biyu, yana nuna masa da ɗan yatsa ba tare da ya ɗago ba. "Wannan shi ne mai, Baba. Wannan sitiyari."

Baba ya taɓa. Dodo ta zabura ta yo kanmu, ta nufi ƙafafun Kawu. Kawu ya tattare shadda ya yi wani tsalle da ban san yana iyawa ba, hularsa ta faɗi.

"Kai Illo!" in ji Baba. "Tun ina neman yayarka kake tsaya mini a hanya, har yau ba ka daina ba?"

Kuma ya yi dariya. Babana ya yi dariya, har haƙorinsa na gefe mai gibi ya fito. Kawu ya tsaya da hula a hannu, ya buɗe baki zai rama, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana kakkaɓe hular da ba ta da ƙura.

Baba ya zagaya da ita fili har hannunsa ya saba. Ya kai ta can baya, ya tsayar, ya gyara zama, ya ɗan tura kafaɗa gaba yadda yake yi a bayan sitiyari. Ta taho ba da hauka ba, ƙararta ɗaya ba ta hawa ba ta sauka. Ta kama tudun a karkace. Tayoyin suka baje. Ta wuce ramin da ta tona ɗazu, ta ci gaba, ta ci gaba, sai ga ta tsaye a ƙoli, jan fentinta na ƙyalli.

Kori ya ɗauki ihu. Wani tsoho Buzu ya taso ya dafa kafaɗar Baba yana jijjigawa, ashe ya san shi tun a hanya. Hawaye na bin fuskar Baba suna shiga gemunsa, bai share ba, don hannuwansa biyu na kan telekomand kuma ba shi da niyyar saki.

Daga nan fa aka ɓalle. Wa ya koya maka? Ba kowa, Baba. Sarƙar gaba fa, ya ka yi ta ja tare da ta baya? Sufyanu na bayani kansa a ƙasa, Baba na "uhm, uhm". Baba ya taɓa 'yar hular bakin injin, ya murza ƙyallen, ya ɗago ya dube ni. Ya gane lafayar. Na nemi ƙasa ta tsage in shige.

"Sitiyarinta na ja hagu," in ji Baba. "Gobe bayan azahar ka kawo ta gida mu duba."

"Gida, Yaya Baƙo?" in ji Kawu.

"Gida na ce. Illo, bincikenka bai cika ba. Yaron nan hannun direba gare shi, asara ce a bar shi shina ɗaukar bulo."

Fuskar Sufyanu ta washe kamar an ba shi kujerar Makka. Ni ma zuciyata ta yi sama, sannan ta tuna da mai kamiyon Agadas, ta faɗo.

Baba ne ya tuƙa Dodo a gaban kekensa tun daga kori har ƙofar gidanmu, Kawu na turawa yana mita, Sufyanu na biye daga nesa da takalmansa a hannu. Inna na tsaye a bakin zaure. Ƙarar injin ce ta fito da ita. Ta dubi motar, ta dubi mijinta yana dariya, ta dafa ƙyauren ƙofa. Sai ta juya ta koma ciki.

Sufyanu ya ɗauki abarsa ya tafi. Baba kuwa ya sha shayi har kofi na uku yana ba da labarin wata shekara da suka kafe a rairayi da lodin dabino. Ya maimaita maganar hannun direba a gaban Inna, yana murna, bai san wuƙa yake soka mata ba.

Kafin magariba Inna ta kira ni ɗaki. Akwatin na buɗe a kan gado, atamfofina a jere, da turaren da za a kai wa gwaggo. Tana ninke wata lafaya, ta warware, ta sake ninkewa.

"Zauna. Ke kin ɗauka don shina wasa na ƙi shi?"

Na zauna a gefen gado.

"Wannan maganar kawunki ce. Ni da wasa ne da na hi kowa murna. Ubanki da motar kara ya fara, muna yara a Birni, can Damagaram, shina jan ta da zare shina yi mata kuka da baki. Ni na gan shi. Wanda abin nan ya shiga jininsa, ƙarama ba ta isarsa." Ta ajiye lafayar. "Duk tahiyar da ya yi, ina nan zaune ina sauraren inji. In an buga ƙohwa gabana shi hwaɗi. Har ranar da aka buga ta gaske. Na gwammace in ɗora ki kan hanyar nan sau guda, da in bar ki ki zauna kina jiranta har ki tsuhwa."

Na fashe da kuka, na ce, "Inna, ba ki ga Baba ba yau?"

"Na gan shi." Ta zauna kusa da ni. "Na ji dariyarsa tun daga lungu. Abin da likita bai iya ba, yaron nan ya yi. Ni ba butulu ba ce, Rakiyatu." Rabon da Inna ta kira sunana kai tsaye har na manta. Ta share ido da gefen zane. "Gobe in ya zo, kahin shi shiga wurin ubanki, shi tsaya a zaure. Tambaya guda zan yi mishi daga bayan labule. Za shi hau hanya, ko ba za shi hau ba? In ya ce ba za shi hau ba, ki kwashe kayanki ki maida kwaba, manyansa su zo. In ya ce za shi hau, matar kawunki na jiran ki."

Ta fita ta bar akwatin a buɗe.

Na jawo waya na rubuta wa Sufyanu: "Inna za ta tambaye ka maganar hanya. Ka ce a'a. A'a kawai, don Allah, sauran mu gyara daga baya."

Amsar ta shigo ana kiran salla.

"Mai kamiyon ya sake aiko mini yau. Ban ba shi amsa ba. Amma Rakiyatu, Inna ba zan yi mata ƙarya ba."

Na san ba zai yi ba. Mutumin da ya ƙi ɓoye motar wasa don ya same ni, shi ne zai ɓoye wa uwata ta gaske? Abin da ya sa nake son shi ke nan, kuma shi ne abin da zai iya raba mu.

Yanzu rana ta ɗaga, dole in tashi in sayi zaren nan kada ƙaryata ta fito. Da zan fito ɗazu, na bar akwatina a kan gado yadda Inna ta bar shi. Baba kuwa ya juya kekensa ya ba bango baya, yana fuskantar ƙofa, da sabon tsinke a bakinsa. Har na kai zaure ina jin sa yana ce wa Inna ta nemo masa tsohuwar jakar sifanoninsa, yau yana da aiki.